Samba Ta Ƙi Tashi: Tambayoyi da Amsoshi

Samba ita ce manhajar da ke ba sabar Linux damar raba fayiloli da kwamfutocin Windows. Sashenta mai wannan aiki sunansa smbd.

Na kunna sabar amma smbd bai tashi ba. Ta ina zan fara?

Kada ka yi saurin cire Samba ka sake sa ta, domin galibi tsohon smb.conf ɗinka, wato fayil ɗin saitin Samba, yana nan, matsalar ma tana nan. Fara da systemctl status smbd a Debian da Ubuntu, ko smb a Fedora da Red Hat. Sannan journalctl -u smbd da fayil ɗin /var/log/samba/log.smbd. Bayan haka ka buga testparm, wanda zai karanta /etc/samba/smb.conf ya nuna maka inda ka yi kuskuren rubutu.

In na tashi Samba da hannu tana aiki, amma in sabar ta sake kunnuwa ba a samunta. Me ya sa?

Wannan ita ta fi wahalar da mutane. Da farko tabbatar ka buga systemctl enable smbd. In ka yi, to duba ko akwai bind interfaces only = yes a smb.conf. Da wannan layi Samba ba za ta saurara ba sai a adireshin da ka lissafa a interfaces. Idan ta riga katin sadarwa samun adireshinsa, musamman inda DHCP, wato tsarin da ke raba adireshi kai tsaye, ke rabawa, sai ta tarar babu inda za ta kama. Maganin shi ne systemctl edit smbd, ka sa layukan Wants da After su zama network-online.target. Ni dai shawarata, sabar fayil a ba ta adireshi tsayayye tun farko.

Saƙon kuskuren da na gani ya ce adireshin yana hannun wani.

Wata manhaja ta riga ta riƙe ƙofa ta 445 ko 139, waɗanda Samba ke saurare a kansu. Umarnin ss -tlnp zai nuna maka ita. Wani lokaci tsohon smbd ne bai mutu ba, wani lokaci kuma ksmbd ne, wata manhajar raba fayil mai aiki irin na smbd, wanda ya shiga cikin Linux tun sigar 5.15.

Izinin folda zai iya hana ta tashi?

Ƙwarai kuwa. Wanda ya buga chmod 777 a kan /var/lib/samba duka ya ɓata lamarin, domin Samba tana son izinin foldar msg.sock da ke cikin foldar private ya kasance 0700, in ba haka ba ta tsaya. Mayar da shi. Ka kuma duba df -h: faifai in ya cika, ba ta iya rubuta fayilolin tdb, inda take ajiye bayananta.

Ta tashi, amma tsohuwar na'ura ta kasa shiga.

Wannan ba matsalar tashi ba ce. Tun sigar Samba 4.11 ta 2019 aka rufe SMB1, tsohon tsarin raba fayil da tsofaffin na'urori ke amfani da shi. Gara a sabunta na'urar da a sake buɗe shi, saboda raunin tsaronsa.