"Ex" ɗin da ke cikin odar kotu ba "tsoho" take nufi ba

Yawancinmu a bakin samari muka fara jin kalmar: "ex ɗita ta yi aure," wato tsohuwar budurwa. Jaridun Turanci kuma su rubuta ex-governor, tsohon gwamna ke nan. Shi ya sa ranar da rediyo ta ce kotu ta bayar da odar ex parte, wani maƙwabcina tela ya ɗago kai daga keke ya ce, "Malam, tsohuwar oda ce suka tono?"

A'a. Kalmar daga Latin Turanci ya aro ta, asalin ma'anarta kuwa "daga". Farashin ex-depot shi ne kuɗin mai daga bakin defo, kafin a ɗora na dako. Mamban kwamiti ex officio kujerarsa ce ta shigar da shi, ranar da ya sauka ya fita. Ex parte kuma, daga ɓangare guda: alƙali ya saurari mai ƙara shi kaɗai ya ba da umarni, wanda ake ƙara bai ma sani ba.

A kallon farko wannan kamar ya saɓa wa sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin 1999, wanda ya ba kowa haƙƙin a ji ta bakinsa. Amma a ce ana rigimar fili, ka samu labari gobe da asuba katafila za ta rushe gidanka. Kafin a kai wa abokin shari'arka sammaci, gida ya zama kango. Don irin wannan gaggawar aka bar ƙofar. A shari'ar Kotoye da Babban Bankin Najeriya a 1989, Kotun Ƙoli ta ce sai gaggawa ta gaske, kuma odar ta ɗan lokaci ce, a bar komai yadda yake har a ji ɗaya ɓangaren. Mai nema zai yi rantsuwa a rubuce, ya faɗi gaskiya har wadda ba ta yi masa daɗi, ya kuma ɗauki alkawarin biyan diyya in ta bayyana bai cancanci odar ba.

'Yan siyasa ne suka mayar da ita sandar duka. A Agustan 2021, cikin mako guda, wata kotu a Ribas ta dakatar da Uche Secondus daga shugabancin PDP, ta Kebbi ta mayar da shi, ta Kuros Riba ta sake hana shi. A Disamba Majalisar Shari'a ta Ƙasa ta hana alƙalan uku ƙarin girma na wasu shekaru. Ni dai a ganina hukuncin ya yi sauƙi.

In an manna maka irin wannan takarda a ƙofa, kada ka yaga, bijire mata raina kotu ne. Kai wa lauya a ranar, ya nemi kotun da ta bayar ta janye ta.