Ma'anar kontinuwiti: muryar da ke hana mai kallo sauya akala

Ma'aikatan rediyo da talabijin suna yawan ambaton kalmar kontinuwiti, wadda suka aro daga Turanci. Abin da suke nufi shi ne 'yar maganar da ake yi tsakanin shirin da ya ƙare da wanda zai biyo baya, don kada mai kallo ya ga giɓi ya sauya tasha. Duk sa'ad da ka ji an ce "ku dakace mu" ko "kada ku sauya akala, labarai na tafe", to aikin ke nan ake yi. Da Hausa ana iya kiranta sanarwar haɗi. Inda aka fi gwanancewa da ita kuwa shi ne shirye-shiryen gasa da kacici-kacici na talabijin ɗin Amurka, daga shekarun 1950 zuwa na 1980.

A wancan zamani manyan kafofi uku ne ke riƙe da kasuwa: CBS da NBC da ABC. Rimot bai zama ruwan dare ba. Kamfanin Zenith ya fitar da nasa tun 1956, amma a yawancin gidaje sai mutum ya tashi daga kujera ya je ya murɗa maɓallin akwatin da hannu. Saboda haka wanda ya zauna kallon wani shiri, da wuya ya motsa in ba an ba shi dalili ba. Babban dalilin kuwa shi ne ƙarshen shiri, lokacin da sunayen ma'aikata suka fara hawa allo. A nan ne uwargida take tuna tukunyar da ke kan wuta, a nan ne yaro yake miƙa hannu ga maɓalli. Kuɗin talla kuma da yawan masu kallo ake yanka shi, bisa ƙididdigar kamfanin Nielsen, don haka waɗannan 'yan daƙiƙu ba abin wasa ba ne.

Shi ya sa ake jera shirye-shirye masu kama da juna. Ranar 4 ga Satumba 1972 CBS ta ƙaddamar da shirye-shiryen gasa uku a safiya ɗaya: The Joker's Wild da ƙarfe 10:00 agogon Niyok, The New Price Is Right da 10:30, sai Gambit da 11:00. Manufar ita ce wanda ya shigo da ƙarfe goma ya kai sha ɗaya da rabi bai taɓa akwatinsa ba, kuma muryar mai sanarwa ce igiyar da ke ɗaure ukun.

Mai sanarwa daban ne da mai gabatarwa. Mai gabatarwa, kamar Bob Barker, shi ne a gaban kyamara. Mai sanarwa yana gefen dandamali da makirfo da takardunsa da abin saurare a kunne, ba a cika nuna fuskarsa ba. Shi ke kiran 'yan takara, shi ke kwatanta firiji da mota, shi ke ɗumama 'yan kallo kafin a fara ɗauka. Don Pardo ya yi wannan aiki a NBC, a The Price Is Right na farko daga 1956, sannan a Jeopardy! daga 1964. Johnny Olson ya riƙe The Price Is Right na CBS daga 1972 har rasuwarsa a 1985, Rod Roddy ya gaje shi.

Ƙarshen shiri yana da tsari, kuma ba a cika sauya shi ba. Mai gabatarwa zai yi sallama, kiɗan taken shiri ya tashi tare da tafi. Mai sanarwa zai karanto kyaututtukan ban haƙuri da aka ba waɗanda suka faɗi, da sunayen kamfanonin da suka biya don a ambaci kayansu. Wannan ba ado ba ne. Bayan abin kunyar maguɗin gasar kacici-kacici na ƙarshen shekarun 1950, majalisar dokokin Amurka ta gyara dokar sadarwa a 1960, ta mai da maguɗin gasa laifi, ta kuma tsananta wajabcin bayyana duk wanda ya biya kuɗi don a tallata kayansa. Daga nan sunaye su hau allo, mai sanarwa ya faɗi sunansa da na kamfanin da ya shirya shirin, sai jumla ta ƙarshe: ku dakace mu, shiri kaza na tafe yanzu a akasarin waɗannan tashoshi na CBS.

A lura da kalmar "akasarin". Ba tawali'u ne ya kawo ta ba, gaskiyar yadda talabijin ɗin Amurka yake ce. CBS ba ita ta mallaki yawancin tashoshin da ke ɗauke da shirye-shiryenta ba, 'yan kaɗan ne nata, sauran kusan ɗari biyu na wasu kamfanoni ne da suka ƙulla yarjejeniya da ita. Tashar wani gari tana da ikon ajiye shirin uwar tasha, wato babbar kafar kamar CBS, ta sa labaran gida, ko wani shiri da ta saya wanda kuɗin tallarsa duka nata ne. Ga kuma bambancin agogo: ƙasar, ban da Alaska da Hawai, tana da agogo huɗu, tsakanin Niyok da Los Anjelis akwai awa uku. Yankin tsakiya yana karɓar shiri lokaci guda da gabas, agogonsa ne kawai ke baya da awa ɗaya, yammaci kuwa sai an jinkirta masa, kuma jerin shirye-shiryen rana ba lallai ya zo daidai ba. Mai sanarwar da ya ce "a duk tashoshinmu" ya yi wa wani gari ƙarya. Kalma ɗaya ta rufe wannan ƙofa. Saboda dalilin nan ne ma aka fi son a ce "yanzu" ko "na tafe" maimakon a faɗi ƙarfe nawa.

Ma'aunin aikin daƙiƙa ne. Gogaggen mai sanarwa yana faɗin kalma biyu da rabi zuwa uku a daƙiƙa ɗaya ba tare da ya haɗiye harafi ba, wato daƙiƙa goma tana ɗaukar kalma 25 zuwa 30. Sanarwar haɗi ba ta kai haka ba, daƙiƙa huɗu zuwa shida ta ishe ta. Ana lissafin ne daga baya: a san lokacin da hoton zai dushe, a cire tsawon jumlar, a samu inda za a ba da alama. Mataimakin darakta yana ƙirga a kunnen mai sanarwa, injiniyan sauti kuma yana sauke kiɗa da tafi ƙasa da murya, ya sake ɗaga su da zarar an gama. In gasar ta ci lokaci, sunayen ma'aikata ake gajartawa, ba a taɓa na masu talla. In ta ƙare da wuri, a saki cikakken jerin sunaye, mai sanarwa ya sassauta harshe. Jumlar ƙarshe dole ta sauka kafin tambarin uwar tasha ya fito, domin daga nan layin ya koma hannun tashar gari, kuma ba ta jiran kowa. Wanda ya makara da daƙiƙa ɗaya, sunan shirin da yake tallatawa ne zai yanke a tsakiya.

Matsala mafi girma ta zo ne da faifan ɗauka. Tun da kamfanin Ampex ya fito da na'urar bidiyo a 1956, sannu a hankali shirye-shiryen gasa suka koma ɗauka a ajiye, sau da yawa na mako guda cur a yini ɗaya. Ke nan mai sanarwa yana alkawarta shirin da zai biyo baya makonni kafin ranar. In uwar tasha ta sauya jadawali a tsakani, sai a share jumlar a sake naɗa wata, ko a bar wa mai sanarwar uwar tasha da ke zaune a ƙaramin ɗaki ya karanta kai tsaye a kan sunayen, a danne sautin shirin ƙarƙashinsa. Mai kunne yakan gane, don murya ta sauya, tafin ma ya yi ƙasa farat ɗaya. Labarin gaggawa ma yana rusa komai. An tsara fara Match Game na CBS a ƙarshen Yunin 1973, zaman sauraren badaƙalar Watergate ta gwamnatin Shugaba Nixon a majalisar dattawa, wanda aka nuna kai tsaye a talabijin, ya cinye makon, sai 2 ga Yuli ya fara. Daga nan ya zauna da ƙarfe 3:30 na yamma, bayan The Price Is Right na ƙarfe 3:00, kuma Olson ne mai sanarwar dukansu: yana sallama a wannan, yana maraba a wancan.

Shirye-shiryen da ake sayar wa tashoshi ɗaya-ɗaya ba su da wannan jumla sam, domin kowane gari da lokacin da yake sa su, ba wanda ya san abin da zai biyo baya.

Rimot da tashoshin kebul ne suka kashe salon. Da mai kallo ya samu ikon sauya tasha daga kujera, daƙiƙa talatin na sunaye ta zama hasara. A 1994 NBC ta fara matse sunayen a gefen allo tana nuna tallar shiri na gaba a ragowar, sauran kafofi suka bi sahu. Yau hatta wannan ya koma ƙirgen daƙiƙu a Netflix da YouTube, inda kashi na gaba ke farawa da kansa. Tsofaffin sanarwar suna nan a faifan da tashoshin shirye-shiryen gasa, Game Show Network wadda aka buɗe a 1994 da kuma Buzzr, suka riƙa maimaitawa. Wasu an yanke musu jumlar ƙarshe, wasu an bar su, Olson yana gayyatar mutane su dakaci shirin da aka daina nunawa shekaru arba'in da suka wuce.