Me ake nufi da "ƙarin kujera" a jirgin sama?

Ƙarin kujera ita ce kujera ta biyu da fasinja ɗaya yake kamawa kusa da tasa, saboda jikinsa ya fi ƙarfin kujera guda. Mutane da yawa suna zaton sai an ɗora mutum a kan sikeli ake yanke wannan hukunci. Ba haka ba ne. Manyan kamfanoni ba sa tambayar nauyi, abu biyu suke dubawa: shin hannayen kujerar za su sauka su zauna daidai ba tare da jikin mutum ya shiga wurin maƙwabcinsa ba, kuma shin bel zai ɗauru, ko da an haɗa masa ƙari guda ɗaya. Wanda ya kasa ɗaya daga cikin biyun, shi dokar take nufi. Shi ya sa mutum biyu masu nauyi ɗaya, wani zai shiga kujerar lafiya lau, wani kuma ba zai shiga ba, domin faɗin ƙugu da kafaɗa ne ke magana.

Kujerar ɓangaren ikonomi ba ta da yalwa. Faɗinta tsakanin hannu da hannu yakan kama daga inci 17 zuwa 18, wato santimita 43 zuwa 46. A jirgi samfurin Boeing 737 yana wajen 17, a samfurin Airbus A320 kuma ya fi kusa da 18. Inci ɗaya kamar ba komai ba ne, amma ga wanda yake kan iyaka, shi ne bambancin tikiti ɗaya da biyu.

Ƙarin bel kyauta ne, a wurin ma'aikatan cikin jirgi ake karɓa, kuma yakan ƙara kimanin inci 25. An fi so a nema tun lokacin shiga, kafin hanya ta cika. Kada a sayi na kasuwa a taho da shi. Hukumar jiragen sama ta Amurka, FAA, ta ja kunnen kamfanoni a 2012 kan irin wannan, saboda babu mai duba lafiyarsa kamar yadda ake duba kayan jirgi, kuma bakin ƙarfensa ba lalle ya dace da na kujerar ba. Mai amfani da ƙarin bel kuma yawanci ba a barinsa a layin ƙofar gaggawa, don igiyar na iya harɗe ƙafar mutane idan ana fita a guje.

Wa zai biya kuɗin kujera ta biyu? Nan ne ake shan bamban, domin babu doka ɗaya da ta ɗaure duniya. A Kanada, tun 2008 hukumar sufuri ta ƙasar ta kafa ƙa'idar mutum ɗaya, kuɗin tikiti ɗaya: wanda ƙibarsa ta kai matsayin lalura yana samun kujerar kyauta a Air Canada da WestJet, muddin ya kawo shaidar likita, kuma tafiyar ta cikin gida ce. A Amurka kowane kamfani da tsarinsa. United yana sa a saya. Alaska yana mayar da kuɗin idan jirgin ya tashi da kujerar da babu kowa. Southwest ya daɗe yana mayarwa ko da jirgi ya cika, amma daga 27 ga Janairun 2026 ya tsaurara: a saya tun da wuri, kuma kuɗi ba sa dawowa sai in an tashi da gurbi, an kuma nema cikin kwana 90. Air France na Faransa yana rage kashi 25 cikin ɗari a kan kujera ta biyu. A ganina tsarin Kanada ya fi adalci, domin kamfani ne ya zaɓi faɗin kujerar, fasinja bai zaɓa ba.

Wajen yankan tikiti ake yawan yin kuskure. Idan aka sayi tikiti biyu da suna iri ɗaya ta intanet, kwamfutar kamfani kan ɗauka maimaici ne ta soke ɗaya. Hanyar da ta dace ita ce a kira kamfanin ko ejan, a sa kujerun biyu a rajista guda, ta biyun da alamar EXST, wato lambar da kamfanonin jirgi ke nufin ƙarin kujera da ita. A filin jirgi a karɓi katin shiga na kowace kujera, a tabbatar an shigar da duka biyun a ƙofa. In ba haka ba, na'ura za ta nuna mai kujerar bai zo ba, a miƙa ta ga wani da ke jira. Haka kuma idan aka sauya jirgi, kujerun kan watse, ɗaya a gaba ɗaya a baya, don haka a sake duba lambobinsu kwana ɗaya kafin tafiya.

A guji layin farko da ke fuskantar bango. Yana ruɗar mutane saboda yalwar wurin ƙafa, amma teburinsa a cikin hannun kujera yake, hannun ba ya ɗaguwa, kuma mazaunin ya fi matsewa. Kujera biyu a wannan layin asarar kuɗi ce kawai. Wanda bai yi tanadin kujera ta biyu ba har ya isa ƙofa, idan jirgin ya cika, ana iya mayar da shi jirgi na gaba, kuma sau da yawa a farashin ranar zai sayi kujerar.