Lambar da ke takardar mota ba alƙawari ba ce

Da yawa sun ɗauka abin da kamfani ya rubuta na shan man mota mai haɗin inji da batir, shi za su gani a hanya. Ina! A ɗakin gwaji ake auna shi, motar na tsaye kan na'ura, tayoyi na juyawa wuri ɗaya. Da hukumar kare muhallin Amurka ta tsaurara gwajin a 2008, ta haɗa da gudu, sanyi da kunna na'urar sanyaya, Toyota Prius, wata mota mai haɗin inji da batir, ta faɗo daga mil 60 kan galan cikin gari zuwa 48. Motar kuwa ita ce dai.

A cunkoso irin wannan mota take rage shan mai, inda taka birki ke cajin batir. Ka hau babbar hanya kana sharara gudu, inji ne ke ɗauke da kusan dukkan aikin.