Mece ce “majiya mai tushe” a labaran kirifto?

Majiya daga “ji” ta samo asali, wato inda aka jiyo magana. A aikin jarida, idan aka ce majiya mai tushe wadda ta nemi a sakaya sunanta, ana nufin mutum ne da ɗan jarida ya sani, editansa ma ya sani, an tabbatar yana wurin da zai iya sanin abin da yake faɗa, mu masu karatu kawai aka ɓoye wa sunan. Idan labarin ya zama ƙarya, jaridar ce za ta sha kunya.

A guruf ɗin WhatsApp na 'yan kirifto kuwa, wato masu cinikin kuɗin intanet, kalmar ta zama rigar aro. Sai ka ji saƙon murya: “Wallahi wani babba a CBN ya tsegunta min, sati mai zuwa za a rufe asusun duk mai P2P, ku sayar.” (CBN shi ne Babban Bankin Najeriya, P2P kuma cinikin kirifto ne kai tsaye tsakanin mutum da mutum.) Wane babba? Shi mai muryar ma wane ne? An tura saƙon sau ba adadi, an ce da an ce.

Abin da ke sa irin wannan zance ya ci kasuwa shi ne gwamnatin kanta ta sha canza fuska. A Fabrairun 2021 CBN ya hana bankuna hulɗa da masu hada-hadar kirifto, a Oktoba kuma ya fito da nasa kuɗin, eNaira. Disamban 2023 aka ɗage takunkumin. Ba a rufa wata uku ba aka tsare jami'an Binance, kamfanin hada-hadar kirifto, su biyu a Abuja, ɗaya ya tsere, ɗayan, Tigran Gambaryan, sai Oktoban 2024 aka sake shi. A 2025 Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar da ta sanya kadarorin dijital ƙarƙashin kulawar SEC, hukumar da ke sa ido kan kasuwar hannayen jari. Wanda ya ga wannan duka, me za a faɗa masa ya ƙaryata?

Ni dai abin da nake fara dubawa shi ne ko mai yaɗa zancen yana riƙe da kuɗin kirifton da yake zugawa. Umarnin CBN kuma yana zuwa ne a takarda mai lamba da sa hannun darakta, a shafinsa na intanet. Ko takardar 2021 ɗin, da aka yi ta cewa ta haramta kirifto, da bankuna take magana, shi ya sa jama'a suka koma P2P suka ci gaba da cinikinsu.