Tiren shawa na garin dutse: tambayoyin da ake ta yi min tunda na gyara banɗaki

Tunda na fasa tsohon banɗakina aka sake shi, abun da aka fi tambayata a kai shine tiren shawa, wato farantin nan da ake tsayawa a kai ana wanka ruwan na gangarawa rami. Nawa irin na garin dutse da rezin ne, kuma sai a na biyu aka dace, na farkon mayar musu nayi. Toh bari in amsa gaba ɗaya in huta.

Wai dutse ne da gaske ko roba ce?

Haɗi ne. Garin dutse ake samu, kamar dolomayit ko marmara, a kwaɓa shi da rezin, wani gam ne mai ruwa-ruwa da in ya daskare yake zama kamar ƙashi, sai a zuba a mazubi. Daga sama kuma ayi masa fata, ko dai shafen da ake kira jelkot ko siririn akirilik, wata irin roba. Shi yasa yake da nauyin tsiya, babba yakan wuce kilo 40, alhali kaurin da yawansu bai wuce milimita 25 zuwa 45 ba. Baya lotsawa in ka taka kamar na roba zalla, amma fa abun da baya lotsawa in aka matsa masa tsagewa yake.

Ruwa na kwanciya a gefe ɗaya baya tafiya, laifin kamfani ne ko na mai ɗorawa?

Nan ne rigimar take, kowa na tura wa ɗan'uwansa. Gangaren da ke kai ruwa rami a jikin tiren aka gina shi tun daga mazubi, kuma ɗan kaɗan ne, don haka aikin mai ɗorawa kawai ya tabbata bakin tiren ya zauna daidai ta ko'ina. In ya karkata ko da kaɗan ne, gangaren ya tashi a banza. Amma akwai wanda tun daga masana'anta yake zuwa a lanƙwashe, ko kuma an jingine shi a sito a karkace ya daɗe har ya bankare. Nawa na farko haka yake, na ɗora dogon lebur, wato ma'aunin nan da magina ke gwada daidaiton waje da shi, daga kusurwa zuwa kusurwa sai ga tiren yana rawa kamar kujera mai gajeriyar ƙafa, kusurwa ɗaya ta ɗaga har ina tura kati biyu a ƙasanta. Mai aikin yace a bari zai cike da siminti, nace a'a wallahi, siminti zai cike ƙasa ne ba zai miƙar da saman ba.

Ya zan gane mai matsala kafin a ɗora?

Ranar da aka kawo shi ranar zaka buɗe kwalin, kar ka ajiye sai ranar aiki. Ka ɗaga ledar da aka manna a sama ka duba da tocila ta gefe, hasken gefe ne ke tona ƙananan ramuka irin na tsinin allura da siririyar tsaga, sannan ka bi kusurwoyi da yatsa don nan ne yake ɓantarewa wajen dako. Sai ka shimfiɗa shi a waje mai daidai, ka gwada lebur a duk gefe huɗu da kuma a gicciye, ka zuba ruwa bokiti guda ka tsaya kana kallo. Ɗan danshi da ɗigo-ɗigo ba komai bane, amma in ruwa ya taru ya zauna kamar tafki toh ka ɗauki hoto. Dalilin wannan wahalar, yawancin takardun garanti sun rubuta ƙarara cewa in ka ɗora shi ka amince da shi kenan, duk aibin da ido zai iya gani ba ruwansu kuma.

Nawa ya tsage bayan wata kaɗan, me ya jawo?

Ka fara duba inda tsagar ta faro. In daga bakin ramin magudana ta fito kamar gashi, galibi an ɗaure murfin magudanar ne da ƙarfin tsiya. In a tsakiya ne ko wajen da ake yawan tsayawa, toh akwai rami a ƙasa. Wannan tiren so yake duk cikinsa ya kwanta akan abu, ko kwaɓin yashi da siminti wajen kashi 5 da 1, ko gam ɗin tayil mai ɗan sassauci, ya danganta da abun da takardarsa ta ce. Masu gaggawa sai su ɗiɗɗiga gam guri biyar su dangwala shi a kai, ko su fesa kumfar nan mai kumbura, kaga an bar iska a tsakani kenan. Ƙwanƙwasa shi da bayan yatsa zaka ji wajen yana amsawa kamar ganga. In daɓen katako ne kuma sai an shimfiɗa filawud mai kauri kamar milimita 18 tukuna, kuma bayan an ɗora tiren a bar shi awa 24 ba wanda ya taka, har da mai tayil ɗin da zai ce minti biyu kawai zai yi.

Tabo da dushewar launi fa?

Fatar saman siririya ce, soson ƙarfe da sinadarai masu zafi suna cinye ta, daga nan datti ya samu wajen zama. Rinin gashi ma in ya kwana a kai sai addu'a. Masu ɓarzajjen sama irin mai kama da dutse sun fi rashin santsi amma sun fi riƙe farin gishirin ruwa, musamman baƙaƙen. Sabulu mai laushi da tsumma sun wadatar.

Ana gyarawa ko sai an cire?

Ɓantara da ƙarce ana cike su da jelkot mai launin tiren a goge, ba laifi. Tsagar da ta ratsa har ƙasa kuwa ko an liƙe zata dawo tunda ramin da aka bari a ƙasan tiren na nan, kuma cirewar ba wasa bace, don layin tayil na ƙasa akan bakin tiren yake zaune, sai an ɓalle shi da gilashin shawar duka kafin tiren ya fito.