Ɗibar ruwan Galma ba laifi ba ne, taɓa ƙofar madatsa ne ke jawo magana

Tun da rani ya kama ake ta baza ji-ta-ji-ta a Zariya, wai an hana ɗibar ruwa a Galma, duk manomin da aka gani da inji a bakin kogi wajen Dakace sai gidan yari. Ba haka doka ta ce ba.

Dokar Albarkatun Ruwa ta 1993 ta ba Gwamnatin Tarayya iko da ruwan da ya shafi jiha fiye da ɗaya, ruwan Galma kuwa Kogin Kaduna yake faɗawa. Amma sashe na 2 ya bar wa kowa ya ɗiba kyauta don aikin gida da shayar da dabbobi, mai gona a gaɓa kuma ya yi ban-ruwansa.

A sashe na 9 ake ruɗewa: gina madatsa, ko sarrafa ta, ko gyara ta, sai da lasisi. Sai ka ji mutum ya ce, to mene ne don na ƙara katako a saman ƙofa ruwa ya taru? Ai turin ruwa ba ruwansa da faɗin tafki, zurfi yake bi. Ƙofa mai faɗin mita 1, in ruwan bayanta ya kai zurfin mita 1, nauyin kusan rabin tan take tokarewa. In ya kai mita 2, ba tan 1 ba ne, tan 2 ne. Kuma ba a tsakiyar ƙofa turin ke tattaruwa ba, can ƙasa ne, a sulusin zurfin. In ƙarfen da ƙofar ke juyawa a kai a gindinta yake, ƙarfin da ke neman kifar da ita ya ninka sau takwas ke nan. Sakatar da aka ƙera don ruwa iya ƙugu ba za ta riƙe wanda ya shanye mutum ba. Ranar da ta ɓalle, tumatir ɗin maƙwabci na gangare ne zai tafi.

Hukuncin da dokar ta tanada a 1993 shi ne tarar da ba ta wuce naira 2,000 ba, ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun, da ƙarin tarar da ba ta wuce naira 100 ba kullum in an ci gaba da laifin. Dubu biyu yau ko man da injin ban-ruwa ke sha a wuni ba ta saya. Irin wannan tara babban kamfani zai biya yana dariya, wata shidan kuwa ƙaramin manomi kaɗai yake hana barci.